"Settle": Kalma Mai Harshen Damo A Ofis Da Gona

Akwai wata 'yar kalmar Turanci wadda da wuya rana ta fito ta faɗi ba ta gilma ba a takardun ofis, ko a ajin makaranta, ko a tashar mota. Kalmar ita ce "settle". Ɗalibin sakandare a Talata Mafara yakan gamu da ita a littafin karatu, malami ya ce masa ma'anarta zama a wuri. Akawu a sakatariyar ƙaramar hukumar Bakura yakan rubuta ta a gindin fayil, yana nufin an kashe magana. Direban da ke jigila tsakanin Gusau da Sakkwato kuwa, idan aka tsai da shi a hanya aka ce ya yi "settle", ba ya neman ƙamus, aljihu yake laluba. Dukansu uku babu wanda ya yi kuskure. Abin da ya sa ya kamata a tsaya a dubi kalmar ke nan, domin kalmar da mutum uku za su ji, kowa ya tashi da tasa fahimta, ba ƙaramin haɗari ba ce idan ta shiga tsakanin hukuma da talakawa.

Ba wani aibu ba ne ga Turanci a ce aikatau ɗaya, watau fi'ili, ya ɗauki ma'anoni da yawa. Babban ƙamusun Oxford, a bugunsa na 1989, ya jera ma'anoni 430 ga kalmar "set" ita kaɗai, sa'an nan da aka sake bitar kalmar "run" a 2011 sai aka same ta da 645. Hausa ma ba a bar ta a baya ba. Bahaushe yana cin tuwo, yana cin kasuwa, yana cin jarrabawa, yana cin bashi, yana cin sarauta, in ya lalace ya ci amana, alƙali kuma ya ci shi tara. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 a kan kalmar "ci" zai tausaya wa Baturen da ke koyon Hausa. Bambancin dai shi ne, yaron Maradun ya sha ma'anonin "ci" tun a nono, ba ya taɓa ɗaukar cin amana a kan abinci ne. Amma "settle" a allo ya fara ganinta, da fassara guda a gefenta, kuma da wannan fassara guda yakan kai har ranar da za a ba shi tebur da biro a ofis.

Asalin kalmar daga tsohon Turanci ne, inda "setl" ke nufin wurin zama. Daga nan ne ma'anarta ta farko ta fito, watau abin da ke motsi ya tsaya ya zauna. Tsuntsu ya sauka a reshe, ƙura ta lafa bayan wucewar garke, ruwan gulbi da aka ɗebo da damina ya kwana a randa laka ta kwanta a ƙasa, harsashin gini ya ɗan nitse bayan shekaru, duk Bature da wannan kalma ɗaya zai faɗe su. Mai karatu ya lura Hausa ta yi amfani da aikatau huɗu a nan: sauka, lafa, kwanta, nitse.

Idan aka liƙa mata wata 'yar kalma a baya sai ta sake riga. Malamin da ya ce wa aji "settle down" yana nufin a natsu, amma uwar da ke son ɗanta ya yi "settle down" aure take nufi. Ma'aikacin da aka yi wa canji daga Gusau zuwa Bakura yana bukatar mako biyu ko uku ya yi "settle in", watau ya saba da wurin. "Settle on" tsai da shawara ne, "settle up" biyan abin da ake bin mutum. Akwai kuma "settle for", wadda ta fi su ɗaci, domin ma'anarta mutum ya haƙura da abin da bai kai wanda ya nema ba. Irin waɗannan ne ke kayar da ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO, a sashen da ake ba da jimla a ce a zaɓi ma'anar da ta fi kusa. Wanda ya haddace "zauna" kawai zai yi ta canki-canka.

Wannan duka hasarar maki ce, ana iya sake jarrabawa. Inda abin ya fi nauyi shi ne wurin kuɗi da rikici. A Turanci ana "settle" bashi, ana "settle" gardama, ana "settle" shari'a, ana "settle" mutane a sabon gari. Hausa ta rarraba waɗannan, kuma rarrabawar tana da amfani ƙwarai. Biya daban, sasantawa daban, yanke hukunci daban, tsugunarwa daban. Sasantawa sai da yardar ɓangarori biyu. Yanke hukunci daga sama yake saukowa, ko an so ko ba a so ba. Har ramuwar gayya ma Bature yakan faɗe ta da wannan kalma, in ya ce zai yi "settle a score". Sunan da aka ciro daga cikinta, "settler", shi aka kira Turawan da suka mamaye gonakin Kenya da Rodeshiya da shi, shi ne kuma aka riƙa liƙa wa mutanen da kakanninsu suka daɗe a Jos don a nuna musu su baƙi ne.

Nijeriya ta ƙara mata nata. A kudu maso gabas, idan yaro ya gama shekarunsa na bauta wa ubangida a shago, ubangidan yakan yi "settle" ɗinsa, ya ba shi jari ya yaye shi, wannan kuwa abin yabo ne. Amma a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, daga 1985 zuwa 1993, jaridun Turanci suka yayata kalmar "settlement" da ma'anar toshiyar baki, watau a ba mai surutu muƙami ko kwangila ya yi shiru. Wannan ma'ana ta zauna daram, har ta kai yau idan aka ce an yi "settle" ɗin wani, mai sauraro ba ya iya sanin haƙƙinsa aka ba shi ko bakinsa aka saya.

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ba su bukatar a je nesa wajen nemo musu misali, domin madatsar ruwa ta Bakalori tana ƙofar gidansu. An gina ta a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978, lokacin yankin yana ƙarƙashin Sakkwato, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Kamfanin Impresit, mai alaƙa da Fiat na ƙasar Italiya, shi ya yi aikin a madadin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin da madatsar ta tara ya shafe fili kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa mita miliyan 450 ma'aunin cubic, kuma an tsara zai shayar da gonaki hekta 23,000 don noman rani. Babu mai musun girman aikin ko kyawun manufarsa, musamman ga waɗanda suka ga farin da aka yi a farkon shekarun 1970.

To, amma aikin ya bar wa hukuma basussuka iri-iri a wuyanta, kuma a Turanci dukansu kalma ɗaya ce ke rufe su. Dubban mutanen da ruwa ya ci garuruwansu sai an tsugunar da su, aka kuwa kai su sababbin matsugunai a kan tudu a yankin Maradun, inda ƙasar ba ta kama ƙafar fadamar da suka baro ba. Waɗanda aka sare wa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da mangwaro, aka kuma tattake musu amfanin gona, sai an biya su diyya. Manoman da aka karɓi gonakinsu don katafila ta baje ƙasa a haƙa magudanai sai an mayar musu da gonakin, alhali an share iyakokin da aka gada tun kaka da kakanni, wasu kuma sun yi damina fiye da ɗaya ba su shuka kome ba. Bayan waɗannan akwai ƙorafe-ƙorafe kan ƙidayar itatuwa da awon filaye, waɗanda sai an zauna an sasanta. Jami'in da ya ga an gina gidaje an kwashe mutane yana iya rubuta wa na sama da shi cewa an yi "settle" ɗinsu, bai kuma yi ƙarya ba a Turance. Manomin da ke jiran kuɗin ɗorawarsa kuwa, a wurinsa ba a ko fara ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Daga ƙarshen 1979 manoma suka riƙa datse hanyoyi suna hana aiki, suna neman a biya su. Gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, Alhaji Shehu Kangiwa, ya yi musu alkawarin duba kokensu. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma ƙauyukan yankin, ciki har da Birnin Tudu, aka buɗe wuta. Adadin mamatan da hukuma ta amsa bai kai 30 ba, wasu masu bincike kuwa suka ce ya kai 386. Bayan haka hanyoyi suka buɗe, aiki ya ci gaba. A Turanci, wannan ma ana iya cewa an yi "settle" ɗin magana, kamar yadda sunan rundunar a Hausa ya nuna cewa kwantarwa aikinta ne.

Kada a ɗauka ana cewa kalma ce ta harbi mutane. Jinkirin biya, da rashin tuntuɓar manoma tun farko, da gaggawar 'yan kwangila, da siyasar Jamhuriya ta Biyu, su ne suka haɗu suka kai ga wannan rana. Abin da ake nunawa kawai shi ne, ɗabi'ar rufe fayil da kalmar da ba ta faɗi wanda ya karɓa ba, ba ta faɗi abin da ya karɓa ba, ba ta faɗi ko ya yarda ba, ita ce ke sa na sama ya yi barci yana zaton ƙura ta lafa, alhali wuta na ci a ƙarƙashin toka. Rahoto yana tashi daga jami'in fili zuwa manaja, daga manaja zuwa hedkwata, daga can zuwa ma'aikatar tarayya, kuma a kowane mataki wanda ya karanta yana zaɓen ma'anar da ta fi yi masa daɗi.

Doka kanta ta san wannan bambanci, shi ya sa ya wajaba ma'aikaci ya san shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda har yanzu da ita ake aiki, ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 29 ya yi bayanin diyyar da ake biya idan an karɓi fili don amfanin jama'a, kuma diyyar ta gine-gine ce da amfanin gona da sauran abin da mutum ya kashe wa filin. Sashe na 33 kuwa ya ba hukuma damar ta yi wa mai gidan da aka karɓa tayin tsugunarwa a wani wuri a maimakon kuɗi, sa'an nan ya ce wanda ya karɓi tsugunarwar ana ɗauka an riga an biya shi diyyarsa, babu sauran abin da zai nema. Ashe ke nan magidancin da aka ce wa za a yi "settle" ɗinsa, ya dangwala yatsa a takarda yana zaton gida zai samu sa'an nan kuɗi su biyo baya, yana iya wayar gari ya tarar ya sayar da ɗaya da ɗaya bai sani ba. Tafintan da ya tsaya tsakaninsa da takardar nan yana riƙe da gidan mutum a bakinsa.

A nan ya kamata a yi wa Turanci adalci, domin Hausa ma tana da tata kalmar mai santsi, kuma ita ce tafintoci suka fi gudu zuwa gare ta. Kalmar ita ce sallama. Ana sallamar lebura idan an biya shi ladansa, ana sallamar ma'aikaci idan an kore shi, ana sallamar majiyyaci daga asibiti, ana sallamar baƙo da ɗan abin shan ruwa, mai kaya kuma yana sallamawa idan ciniki ya faɗa. Saboda haka wanda ya fassara "they will be settled" da "za a sallame ku" bai warware kome ba, ya dai musanya damon Bature da damon gida. Ga kuma wannan "an" da "za a" na Hausa, waɗanda ke ɓoye mai aikatawa kamar yadda jimlar Turanci ta ofis ke ɓoye shi. An sallame su. Wa ya sallame su? Da nawa? A gaban wa? Jimlar ba ta ce kome ba, shi ya sa take da farin jini a wurin wanda ba ya son a tambaye shi.

Wasu tsofaffin ma'aikata za su ce ai wannan sassauci na kalma yana da ranarsa. Idan ana tsakiyar tattaunawa, ba a son a ɗaure hukuma da alkawarin da baitulmali bai amince da shi ba tukuna, don haka gara a yi amfani da kalma mai faɗi har a ga yadda hali zai yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, matuƙar maganar tana tsakanin jami'ai ne waɗanda dukansu sun san abin da aka bari a buɗe. Amma da zarar takarda ta fita zuwa ga mai unguwa, ko an karanta ta a dandali ranar Talata da kasuwar Mafara ke ci, sassaucin ya zama nauyi a kan wanda ba ya jin Turanci. Jami'i ya san bai yi alkawari ba, talaka ya tafi gida ya gaya wa iyalinsa an yi masa alkawari. Alkawari kuwa kaya ne, ko da wanda ya ɗauka bai san ya ɗauka ba.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Ma'aikacin da zai rubuta cewa an yi "settle" ɗin magana, ya daure ya ƙara layi biyu: an biya mutum kaza Naira kaza ran kaza, saura mutum kaza, ko an zauna da ɓangarorin biyu a gaban hakimi sun amince da kaza, ko hukuma ta yanke kaza, waɗanda abin ya shafa ba su amince ba. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi jin nauyin rubutawa, shi ne kuma wanda shugaba ya fi bukatar ya gani. Sanarwar da ta shafi fili ko diyya kuma a rubuta ta da Hausa tun daga tushe, da boko da ajami, maimakon a bar wa wani ya fassara da ka a tsaye a gaban taro.

Ɗalibai kuwa, musamman na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, waɗanda daga cikinsu ne akawu da injiniya da mai awon fili na gobe za su fito, hanya mafi sauƙi ita ce kada a taɓa haddace aikatau shi kaɗai. A haddace shi tare da abin da ya faɗa wa, da 'yar kalmar da ke biye da shi, sa'an nan a tambayi kai wace kalmar Hausa ce za ta zauna a gurbinsa a wannan jimla. Idan amsar ta zo biyu ko uku, to jimlar ba ta gama faɗin abin da take nufi ba. Ba a raina wannan yanki wajen fitar da masu riƙe alƙalami ba: Bakura ta ba da gwamna a 1999, Talata Mafara a 2011, Maradun a 2019, ban da ɗimbin manyan sakatarori da daraktoci.

Maganar ba ta tsaya a 1980 ba. Injinan feshin ruwa da aka kafa wa mafi yawan filin Bakalori sun lalace, har ya zama a 2003 kimanin hekta 7,500 kaɗai ake shayarwa ta magudanai, su ma laka tana kwanciya a cikinsu shekara da shekaru. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING don gyara manyan wuraren noman rani na Arewa, Bakalori na cikinsu. Irin waɗannan ayyuka suna zuwa da ƙa'idar bankin a kan abin da yake kira "resettlement", kuma a nan kalmar ta sake faɗaɗa. A ƙa'idar, ba sai an tashi mutum daga gidansa ba. Wanda aikin ya ci wani yanki na gonarsa, ko ya raba shi da hanyar samun abincinsa, shi ma yana cikin waɗanda ake lasaftawa, ko da bai gusa ko taku ɗaya ba. Ana kuma sa ranar rufe ƙidaya, wanda sunansa bai shiga kafin ranar ba da wuya a saurare shi daga baya. Idan mai shela ya zaga ƙauye yana cewa masu aikin tsugunarwa za su zo ran Alhamis, manomin da gidansa ke nan lafiya, amma bakin gonarsa ne katafila za ta bi, zai ce ai ba da shi ake ba, ya saɓi fartanyarsa ya tafi gona, masu ƙidaya su zo su rubuta waɗanda suka tarar su wuce ƙauye na gaba.